Filin Tambaya da Amsa: Kafin Masu Raba Gardama Su Zauna, Wa Zai Tsare Dukiyar?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, kuma dukansu sun taɓo matsala guda, wato halin da ɗan kasuwa yake shiga idan yarjejeniyarsa ta ce kwamitin raba gardama ne zai yanke hukunci a kan duk saɓanin da ya taso, amma abin da ake jayayya a kansa yana neman salwanta tun kafin kwamitin ya kafu ko ya yanke hukunci. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya da na kamfanonin da suka ambata.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar riɗi a Dawanau, Kano

"Assalamu alaikum. Na ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin fitar da kaya da ke Legas cewa zan kai musu riɗi tirela goma. Na kai kaya cif, sun biya rabin kuɗi, sauran kuma suka ce wai riɗin bai kai ingancin da aka yi alkawari ba, alhali mutanensu ne suka duba shi suka sa hannu kafin a sauke. Yanzu wani direba ya tabbatar mini an fara loda shi a kwantena za a kai tashar Apapa. Da na ce zan kai ƙara, sai aka nuna mini wani sashe a takardar da ya ce duk rigimar da ta taso kwamitin mutum uku ne zai saurare ta a Legas, ba kotu ba. An ce kafa kwamitin kaɗai zai iya cin wata biyu. Shin haka zan zuba ido jirgi ya tafi da kayana?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya nuna maka sashen nan ya faɗa maka rabin gaskiya ne. Haka ne cewa kotu ba za ta saurari ainihin rigimarku ba, wato ba za ta yanke ko riɗin ya kai inganci ko bai kai ba, ko kuma nawa kake bin kamfanin, domin sashe na 5 na Dokar Raba Gardama da Sasanci ta 2023 ya wajabta wa alƙali ya dakatar da irin wannan ƙarar ya mayar da ku inda kuka yarda tun farko, matuƙar ɗaya ɓangaren ya nemi hakan a kan lokaci. Amma wannan dokar, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, ta ba wa kotu iko a sashe na 19 ta bayar da umarnin wucin gadi domin kare dukiya ko hujja a shari'ar da ke hannun masu raba gardama, ko mazaunin shari'ar yana Najeriya ko yana ƙasar waje, kuma ta ce a yi hakan cikin kwana 15 daga ranar da aka shigar da buƙatar. Kotun da ake nufi a nan ita ce Babbar Kotun Jiha, ko ta Babban Birnin Tarayya, ko Babbar Kotun Tarayya.

Akwai dalilin da ya sa har yanzu wasu, har da tsofaffin lauyoyi, suke cewa ƙofar kotu a rufe take. A shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar jirgin ruwan MV S. Araz, inda wasu da ke da shari'ar raba gardama a Landan suka zo Babbar Kotun Tarayya a Legas suna neman a tsare jirgin a matsayin jinginar abin da suke sa ran za a yanke musu a can. Kotun Ƙoli ta ce neman jingina shi kaɗai ba ƙara ba ce, dole sai ainihin rigimar tana gaban kotun kafin ta iya bayar da irin wannan kariyar. Wannan hukuncin ya jefa mutane cikin tsaka mai wuya na tsawon shekaru, domin idan ka kai ainihin rigimar kotu za a ce ka karya yarjejeniyar raba gardama, idan kuma ka kai neman kariya kaɗai za a ce babu ƙarar da za a rataya ta a jikinta. Sashe na 19 ya zo ne domin ya warware wannan ƙullin, kuma ya yi koyi da dokar samfuri ta hukumar dokokin cinikayya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fitar a 1985 aka yi mata gyara a 2006.

Hanya ta biyu ita ce ta mai raba gardama na gaggawa, wanda sashe na 16 ya ƙirƙiro. Idan ka shigar da buƙatar fara shari'ar raba gardama, kana iya haɗawa da neman a naɗa mutum guda wanda aikinsa kawai shi ne duba abin da ba zai iya jiran kwamiti ba, kuma dokar ta ce cibiyar raba gardamar da kuka zaɓa, ko kotu idan ba ku zaɓi wata cibiya ba, ta naɗa shi cikin kwana biyu na aiki. Sai dai a shari'arka ni ba zan bi ta nan ba. Mai raba gardama, na gaggawa ne ko na dindindin, ikonsa ya tsaya ne a kan waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya. Ba shi da ta cewa a kan mai siton da riɗin yake ciki, ko kamfanin jirgin, ko bankin da kuɗin zai shiga, kuma ba shi da ikon tsare wanda ya bijire masa, sai an koma kotu ta tilasta umarninsa ƙarƙashin sashe na 28. Umarnin kotu kuwa da zarar an miƙa wa mai sito ko banki, duk wanda ya taimaka aka karya shi da saninsa yana iya fuskantar tuhumar raina kotu. Inda kaya suke hannun wasu mutane na uku kuma ana ƙirga kwanaki, kotu ce madafa.

To amma kada ka ɗauka shiga kotun shi ne samun umarnin, kuma a nan ne nake son ka natsu. Alƙali zai tambayi abubuwa da Kotun Ƙoli ta shimfiɗa tun a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989: ko akwai haƙƙi na gaske da za a yi shari'a a kansa, ko gaggawar ta gaske ce, ko ɓarnar da za ta same ka idan aka ƙi ta fi wadda za ta sami kamfanin idan aka amince, da kuma ko diyyar kuɗi za ta wadatar da kai daga baya. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce babbar barazana ga buƙatarka. Lauyan kamfanin zai miƙe ya ce, ranka ya daɗe, wannan mutumin kuɗi yake bi, ya sayar da riɗi ya miƙa shi, idan kwamiti ya ba shi gaskiya za mu biya shi har da abin da jinkiri ya jawo masa, to me ya sa za a tsayar da kwantenoninmu a ƙofar tashar jirgi muna biyan tarar jinkiri kullum? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma alƙalai da yawa suna karɓarta.

Abubuwa biyu ne za su iya karya ta. Na farko, a duba yarjejeniyar ko ta ce mallakar kayan tana hannunka har sai an gama biya. Idan akwai wannan sharaɗin, to maganar ta tashi daga bin bashi ta koma kare dukiyarka daga hannun wanda yake shirin fitar da ita daga ƙasa, kuma matsayinka ya ƙarfafa ƙwarai. Na biyu, idan babu wannan sharaɗin, sai ka nuna da hujja cewa kamfanin yana kwashe kadarorinsa ta yadda ko ka yi nasara ba za ka tarar da abin kamawa ba, misali kuɗin cinikin zai shiga wani asusu ne a waje, ko sun sa sitonsu da motocinsu a kasuwa, ko wasu masu kawo musu kaya suna ta kuka an hana su haƙƙinsu. A nan ba riɗin za ka nemi a tsare ba, asusun banki ne, da irin umarnin da lauyoyi suke kira Mareva. Sunan ya samo asali daga wata shari'a a Ingila a 1975, inda masu wani jirgi mai suna Mareva suka ba da shi haya aka yi dakon taki zuwa Indiya, masu hayar suka karɓi kuɗin dakon a wani banki a Landan suka daina biyan haya, kotun ɗaukaka ƙara ta hana su taɓa kuɗin har a gama shari'a. Kotunan Najeriya suna bayar da irin wannan umarnin, amma ba a kan zato ko labarin majalisa ba. Maganar direban da ka ambata za ta yi amfani ne idan ya yarda ya sa hannu a takardar rantsuwa ya faɗi ranar da aka loda kayan da lambar kwantenar da sunan siton, kuma a haɗa da takardar duba ingancin da mutanensu suka sa wa hannu da takardun sauke kaya.

Ka kuma sani cewa za a buƙaci ka ɗauki alkawari a rubuce cewa idan daga baya ta bayyana bai kamata a bayar da umarnin ba, kai za ka biya duk asarar da ya jawo wa kamfanin. Kwantenar da ta rasa jirginta tana jawo kuɗin ajiya da tarar jinkiri, kuma mai saye a waje yana iya soke cinikin gaba ɗaya, saboda haka alkawarin nan ba ado ba ne, yana iya zarce rabin kuɗin da kake bi. A nawa ganin, abin da ya fi dacewa da kai shi ne lauyanka ya nemi a tsayar da kayan, amma ya gabatar wa kotu da zaɓi na biyu, wato a bar riɗin ya tafi da sharaɗin kamfanin ya ajiye adadin kuɗin da ake jayayya a kansa a hannun magatakardan kotu ko ya kawo garantin banki. Riɗi ba kayan ajiye wa shari'a ba ne, zaman sito a laimar Legas yana rage masa daraja, kuma alƙali ya fi sakin jiki da umarnin da zai kare ka ba tare da ya kashe cinikin kowa ba. Sau da yawa ma kamfani da ya ga takardun sun iso shi da kansa yake kawo wannan tayin.

Sai batun lokaci. Idan ka san an fara loda kaya yau, ka bari sai bayan mako uku sannan ka shiga kotu kana cewa gaggawa, alƙali zai ce gaggawar kai ka ƙirƙire ta. Ka aika wa kamfanin sanarwar fara shari'ar raba gardama a rana ɗaya da shigar da buƙatar kotu, ko ma kafin nan, kuma ka ambaci wanda ka zaɓa a kwamitin, domin alƙali yana so ya ga cewa tsayar da kayan na ɗan lokaci ne har kwamiti ya karɓi ragama, ba dabarar guje wa abin da ka sa wa hannu ba.

Tambaya daga wata 'yar kwangilar gine-gine a Kaduna

"Na karɓi kuɗin somin aiki daga wani kamfani, bankina ya ba su garanti. Mun samu saɓani kan jinkirin da su suka jawo shi, kuma shari'ar tana gaban mai raba gardama. Yanzu sun rubuta wa banki suna neman a biya su kuɗin garantin. Kotu za ta iya hana bankin biya?"

Hajiya, gaskiyar magana ita ce da wuya. Idan garantin irin wanda ake biya da zarar an nema ne, doka tana ɗaukarsa a matsayin alkawari mai zaman kansa tsakanin banki da kamfanin, wanda bai rataya a kan wane ne mai gaskiya a kwangilarku ba. Tun a shari'ar Edward Owen da bankin Barclays a Ingila a 1977 aka kafa cewa kotu ba ta shiga tsakanin banki da biyan irin wannan garantin sai idan akwai zamba bayyananniya wadda bankin ya sani, kuma wannan ita ce fahimtar da harkar banki take tafiya a kanta. Cewa su suka jawo jinkiri hujja ce ta kwangila, ba zamba ba ce. Abin da ya kamata lauyanki ya fara dubawa shi ne lafazin garantin: ko wa'adinsa ya ƙare, ko ya ce adadinsa zai riƙa raguwa gwargwadon aikin da aka kammala, ko ya sharɗanta wata takarda da ba su haɗa da buƙatarsu ba. Sannan tunda mai raba gardama ya riga ya zauna, gare shi za ki fara zuwa ƙarƙashin sashe na 20 na dokar 2023, ki nemi ya umarci kamfanin da kansa ya janye buƙatar ko ya ajiye kuɗin a gefe, domin a kan kamfanin yana da iko ko da ba shi da shi a kan banki.

Tambaya daga wani mai shigo da kaya a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

"Ina da rigima da abokin hulɗata na Katsina kan wasu motocin dakon kaya da muka saya tare. Yarjejeniyarmu ta ce a Yamai za a raba gardama. Motocin wasu suna Maraɗi, wasu sun tsallaka Jibiya. Ina zan nufa kada ya sayar da su?"

Malam, dukiyarka tana ƙarƙashin tsarin doka biyu ne, don haka ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA da suka haɗe dokokin kasuwancinsu, tare da Kamaru da Chadi, kuma dokar raba gardama ta ƙungiyar, wadda aka sabunta a 2017, ta ce a sashe na 13 yarjejeniyar raba gardama ba ta hana alƙalin ƙasa ɗaukar matakin wucin gadi ko na kariya ba idan an tabbatar da gaggawa, muddin matakin bai kai shi ga duba ainihin rigimar ba. Ta kuma keɓe wa kotunan ƙasa ikon ɗora hannu a kan kadara domin kariya, masu raba gardama ba su da wannan ikon. Saboda haka motocin da ke Maraɗi sha'anin kotun Nijar ne.

Waɗanda suka tsallaka kuwa, umarnin alƙalin Nijar ba zai yi aiki da kansa a Jibiya ba, domin Najeriya ba ta cikin OHADA. Amma a nan sashe na 19 na dokar Najeriya zai yi maka rana, tunda ya faɗi ƙarara cewa kotu tana iya taimaka wa shari'ar da mazauninta yake wata ƙasa. Lauya a Katsina zai iya shigar da buƙata a Babbar Kotun Jiha yana nuna yarjejeniyar da shaidar cewa an fara shari'a a Yamai, tare da fassarar takardun daga Faransanci zuwa Turanci da mai fassara ya rantse a kanta. Idan kuma kwamitin ya kafu ya bayar da nasa umarnin na wucin gadi, sashe na 28 ya ba kotun Najeriya damar tilasta shi ba tare da la'akari da ƙasar da aka bayar da shi ba. Kada a rikita wannan da Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashen biyu suke ciki, domin ita an gina ta ne a kan tilasta hukuncin da kwamiti ya yanke, ba a kan tsare mota kafin a sayar da ita ba. Ka tattara lambobin jikin motocin da takardun mallaka da na kwastan tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya daga wani mai masana'antar sarrafa shinkafa a Haɗeja

"Ni abin a kaina ya faɗa. Na je banki biyan albashi aka ce kotu ta rufe asusun kamfanina saboda wani da muke da yarjejeniyar raba gardama da shi. Ba a kira ni ba, ba a ji ta bakina ba. Wannan adalci ne?"

Alhaji, doka ta yarda a bayar da irin wannan umarnin ba tare da sanar da ɗaya ɓangaren ba, domin idan aka gaya wa mai niyyar kwashe kuɗi cewa gobe za a rufe asusunsa, to yau zai kwashe. Amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri, kuma a cikinsu ne mafitarka take. Umarnin da aka samu a bayan idon mutum ba ya daɗewa, galibi mako ɗaya ko biyu ne gwargwadon ƙa'idar kotun, kafin a kira ku duka a saurare ku. Wanda ya nema kuma wajibi ne ya bayyana wa alƙali komai, har abin da bai yi masa daɗi ba. Idan ya ɓoye cewa akwai yarjejeniyar raba gardama, ko ya ɓoye cewa kun biya wani ɓangare, ko bai faɗi cewa kuna da injina da filaye da suka ninka abin da yake nema ba, wannan kaɗai ya isa a soke umarnin ko da a ce yana da gaskiya a ainihin rigimar. Dole in faɗa cewa akwai masu neman irin wannan umarnin ba don tsoron salwantar kuɗi ba, sai don su shaƙe abokin hulɗa ranar biyan albashi ya zo ya sasanta a kan sharaɗinsu, kuma alƙalan da suke sa hannu ba tare da sun tsananta tambaya ba suna da nasu kason na laifin.

Abin da za ka yi shi ne ka karɓi kwafin umarnin daga banki, lauyanka ya nemo takardar rantsuwar da aka dogara da ita a rajistar kotu, ya shigar da buƙatar a soke ko a sassauta. Umarnin bai kamata ya wuce adadin da ake jayayya a kansa ba, kuma an saba a bar wa kamfani damar biyan albashi da kuɗin gudanar da harkokinsa na yau da kullum da kuɗin lauya. Kada ka yi yunƙurin karkatar da kuɗin ciniki zuwa wani asusu da sunan ɗa ko ƙane, domin wannan raina kotu ne, kuma shi ne ainihin hujjar da abokin shari'arka yake nema. Lauyanka kuma ya yi hattara wajen rubuta martaninsa, ya tsaya a kan umarnin kaɗai ya kuma nemi a mayar da ku ga masu raba gardama, domin idan ya shigar da cikakkiyar kariya a kan ainihin rigimar kafin ya nemi hakan, ana iya cewa ka amince kotu ta ci gaba da shari'ar. Ka kuma adana lissafin duk asarar da rufe asusun ya jawo, kamar shanshera da manoma suka fasa kawowa da tarar da banki ya ɗora, domin da wannan lissafin ne za ka nemi diyya a kan alkawarin da mai ƙarar ya ɗauka a gaban kotu ranar da ya karɓi umarnin.